Yadda zaka haɗa jimloli a Turanci da and, but, because, although da 'yan uwansu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce a wajen lesin wata ɗalibata 'yar SS3 ta miƙo min insha'in da na basu, na buɗe littafin sai idona ya faɗa kan wannan layin: "I woke up early, I prayed, I went to the market, although it was raining but I went, because of my mother sent me." Labarin nata wallahi akwai daɗi, yarinya ce mai kai kuma tana da kalmomi, amma a layi ɗayan nan kuskure ya kai huɗu, kuma duka a waje ɗaya suke, wato wajen haɗi, inda wannan magana ta ƙare waccan ta fara. Shekara da shekaru ina duba rubutun yara abin da nake gani kenan, shi yasa nace bara in zauna in rubuta yadda nake koya musu daki-daki ko wani zai amfana.

Ka fara sanin cewa ba dakikanci bane ya jawo. Hausa ce take aiki a kanta. Mu in muna bada labari cewa muke "na tashi da asuba, nayi sallah, na tafi kasuwa, na sayo kayan miya", jimla huɗu a jere babu wani mahaɗi a tsakani, kuma Hausa ce tsantsa babu mai cewa kayi kuskure. Hatta "da" ɗin da muke fassarawa da and, sunaye kawai take haɗawa, shinkafa da wake, Audu da Bala, amma babu Bahaushen da zai ce "na tashi da nayi sallah" yana nufin yayi wannan sannan yayi wancan. To Turanci bai yarda da jerawa da waƙafi kaɗai ba, har suna suka sa ma wannan kuskuren, comma splice, kuma masu makin basa barinsa ya wuce.

In kana tunanin ƙaramin abu ne to duba lissafin. A WAEC insha'i ana so ya kai kalma 450, maki 50 ne, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshen, 10 na ƙa'idar rubutu, kuma a wannan na ƙarshen duk kuskure ɗaya rabin maki ake cirewa. Kalmomin haɗi suna taɓa uku daga cikin huɗun nan. Masu shirin IELTS kuma, wato jarabawar Turanci ta masu son fita waje karatu ko aiki, ɓangaren da ake kira coherence and cohesion, wato tsari da haɗuwar magana, shi kaɗai kashi 25 cikin 100 ne na makin rubutu.

Mataki na farko, tun kafin ka taɓa wata kalmar haɗi, ka iya gane cikakkiyar jimla. Malaman nahawun Hausa ganga tsayayya suke ce mata, ni dai ce ma yara nake maganar da ta tsaya da ƙafarta: akwai mai yi, akwai aikatau, wato verb, kuma in ka faɗe ta kayi shiru babu wanda zai ce "sai me?". "The rain stopped" ta tsaya. "When the rain stopped" bata tsaya ba, mai sauraro yana jiran cikon. "The heavy rain" kuma ko aikatau babu. Ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau a rubutunka, duk inda ka ga masu tsayawa da ƙafarsu guda biyu sun haɗu kuma waƙafi ne kawai a tsakaninsu, to nan akwai gyara.

Mataki na biyu shi ne wanda nafi damuwa dashi, kuma da Hausa ake yinsa. Ka kalli jimlolin biyu ka tambayi kanka, meye tsakaninsu? Ƙari ne akan ta farko, wato "kuma"? Saɓani ne, wato "amma"? Dalili ne, "saboda"? Sakamako ne, "shi yasa"? Lokaci ne, "bayan da", "kafin"? Ko sharaɗi ne, "idan", "sai dai in"? Yawancin yaranmu ta baya suke farawa, sun haddace moreover da nevertheless da furthermore daga bayan wani littafin past question, sai su riƙa yayyafa su a farkon kowane layi kamar ana zuba magi a miya, ka ga an rubuta moreover alhali abin da ya biyo baya saɓani ne. In ka kasa faɗin alaƙar da Hausa, to matsalar bata kai ga Turanci ba tukuna, tunanin ne bai nuna ba, koma ka gyara shi.

Mataki na uku, zaɓen kalma. Anan ka sani kalmomin nan gida uku ne, kuma gidan da kalma ta fito shi zai gaya maka inda zaka sa waƙafi da aya.

Gida na farko su bakwai ne kacal: for, and, nor, but, or, yet, so. In ka jera harufansu na farko zasu baka FANBOYS, da shi ake haddace su. Su waɗannan a tsakiya suke zama, suna haɗa abubuwa biyu masu matsayi ɗaya, kuma in cikakkun jimloli biyu suke haɗawa sai ka sa waƙafi kafinsu. "The shop was closed, so I went home." "I called him twice, but he did not answer." In kuwa kalmomi biyu ne kawai babu waƙafi, "bread and tea". Wajen lissafa abubuwa ma akwai bambanci da namu, mu cewa muke shinkafa da wake da mai da yaji, "da" a kowace gaɓa, su kuma sau ɗaya tak kafin na ƙarshe: "rice, beans, oil and pepper". For mai ma'anar saboda tsohon salo ne, zaka ganta a littattafai amma ba sai ka wahalar da kanka ba. Yet kamar but take sai dai da ɗan mamaki a ciki, irin "amma duk da haka". Nor kuma tana juya abin da ya biyo ta ya zama kamar tambaya: "He did not call, nor did he send a message", ba "nor he sent" ba.

Gida na biyu su ne masu karya ma jimla ƙafa ta koma dogaro da wata: because, since, as, although, though, while, whereas, when, after, before, until, if, unless. Da ka manna ɗaya a gaban jimla shikenan ta daina tsayawa ita kaɗai. Shi yasa in ka rubuta "I did not come to school. Because I was sick." kayi kuskure, a baki ana faɗa ba komai, malam ya tambaye ka why ka amsa because, amma a takarda rabin jimla ce. Daɗinsu shi ne suna iya zuwa farko ko tsakiya. In sun zo farko waƙafi ya raba ɓangarorin biyu: "Because I was sick, I did not come to school." In sun zo tsakiya yawanci ba'a buƙatar waƙafi: "I did not come to school because I was sick."

Gida na uku su ne masu babbar riga, however, therefore, moreover, nevertheless, consequently, meanwhile, in addition, as a result, for example. Anan ne har 'yan jami'a suke faɗawa. Waɗannan ma'ana suke haɗawa, amma basu da ƙarfin ɗaure jimla biyu su zama ɗaya, don haka dole ka rufe ta farko da aya ko waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a sama waƙafi a ƙasa, sannan ka kawo kalmar ka bi ta da waƙafi. "I applied early, however I was not selected" kuskure ne duk da yawan ganinsa da kake a wasiƙun ofis. Daidai shi ne "I applied early. However, I was not selected." Akwai wata 'yar dabara ta gane su: in kalmar tana iya matsawa cikin jimla, kamar "I was not selected, however" ko "I was, however, not selected", to 'yar gida na uku ce. Gwada matsar da but haka ka gani, bazata yiwu ba.

Bara in nuna maka magana ɗaya ta hanya uku. An ɗauke wuta, yarinya ta gama aikin gida. Alaƙar saɓani ce.

"There was no light, but she finished her assignment."

"Although there was no light, she finished her assignment."

"There was no light. However, she finished her assignment."

Duk ukun daidai ne. Ni nafi son ta biyu a jarabawa don tana nuna ma mai makin ka iya gina jimla mai sarƙa, kuma tana ɗora nauyin maganar akan gama aikin, rashin wutar ya zama shimfiɗa kawai.

Mataki na huɗu, haɗi ɗaya kalma ɗaya. Wannan in ka gyara shi kaɗai rubutunka zai canza. A Hausa muna son tallabe magana ta gefe biyu, "duk da cewa ana ruwa amma na tafi", "tunda baka zo ba sai na wuce", kuma yafi daɗi a kunne haka. Sai mu kwashe shi kacokan mu kai Turanci: although it was raining but I went, since you did not come so I left, because I was tired so I slept. Turanci guda ɗaya yake so. Ko dai although ko but, ko dai since ko so, ka zaɓa. Ni abin da nake ce ma yara, igiya ɗaya ake ɗaure akuya da ita a turke, in ka ga although a farkon jimla to ka bi ta da yatsa har aya, in kayi karo da but ka soke ta. Haka su "but however" da "so therefore", ɗaya ya isa.

Mataki na biyar, ka kalli abin da zai biyo bayan kalmar, jimla ce ko suna ne. "Saboda" tamu komai tana ɗauka, saboda ruwa, saboda ana ruwa, duk ɗaya. Turanci ya raba su. Because tana son cikakkiyar jimla mai aikatau, "because it was raining". Because of tana son suna, "because of the rain". Kuskuren ɗalibata kenan da ta rubuta because of my mother sent me, ta sa mai neman suna a gaban jimla. Irin wannan rabon yana nan a wasu wuraren: although da jimla, despite ko in spite of da suna, "although he was ill" amma "despite his illness". While da jimla, during da suna, "while we were eating" amma "during the meal". Kuma don Allah babu wani abu wai shi despite of a Turanci, in spite ce take da of, despite ita kaɗai take tafiya. In ka nace sai ka sa jimla bayan despite to sai ka ƙara the fact that, "despite the fact that he was ill", duk da ni ina ganin dogon zance ne, although ta wadatar.

Mataki na shida na ware shi ne musamman saboda kalma ɗaya, "sai". Ban san wata kalma a Hausa da take aiki kamarta ba, kuma kowane aiki da kalmarsa daban a Turanci. "Ba zan ci ba sai ka zo", wannan lokaci ne, until: "I will not eat until you come." "Ba zaka shiga ba sai kana da kati", wannan sharaɗi ne, unless: "You will not enter unless you have a card." "Muna zaune sai ga shi ya shigo", wannan when ce: "We were sitting when he came in." "Ya gama sai ya tafi", wannan and then ce, ko ka juya ta, "When he finished, he left." Yaro in bai lura ba duk sai ya mayar dasu then, ka ga shafi guda then, then, then kamar ana daka. Abu biyu ka riƙe anan. Unless ita kanta tana ɗauke da "ba", ma'anarta if not, don haka "unless you don't pay" ya juya maganarka ta koma akasin abin da kake nufi, "unless you pay" ake cewa. Na biyu, bayan when, until, before, after, if da as soon as ba'a sa will ko da maganar gobe kake: "I will tell him when he comes", ba when he will come ba. Nan ma akwai "ko da" da "duk da". Even if abin bai faru ba tukuna, ko da za'ayi ruwa zan je, "even if it rains". Even though abin ya tabbata, duk da anyi ruwa naje, "even though it rained".

Mataki na bakwai masu tafiya biyu-biyu, both da and, either da or, neither da nor, not only da but also. Kar ka musanya musu abokai, neither da or basa shiri. Sannan abin da ya biyo na farko ya zama kalar wanda ya biyo na biyu, suna da suna, aikatau da aikatau: "She not only cooks but also sells", ko "She sells not only zobo but also kunu". A either da or da kuma neither da nor, aikatau yana bin sunan da yafi kusa dashi, "Neither the teacher nor the students were there", amma "Neither the students nor the teacher was there". Wannan tana yawan fitowa a objective, a riƙe ta.

Mataki na takwas, haɗa sakin layi da sakin layi. Firstly, secondly, finally babu laifi musamman a debate ko wasiƙar hukuma, sai dai in ka fara da firstly ka tabbata akwai secondly a gaba. Akwai wasu guda uku da kullum sai na zagaye su da jan biro. At last ba ita bace "daga ƙarshe" ta rufe bayani, ita ana faɗinta ne in an daɗe ana jiran abu sannan ya samu, kamar motar da kuka yi awa biyu kuna jira a tasha, "At last, the bus came". Ta rufe jerin hujjoji finally ce ko lastly. On the other hand tana kawo ɗaya gefen maganar, on the contrary kuma ƙaryata abin da aka faɗa take, "He is not lazy. On the contrary, he works every day." Sai besides mai s, ma'ana banda haka, da beside marar s, ma'ana a gefen.

Kuma ba kowace jimla ce take buƙatar alama a goshi ba fa. Sau da yawa this, these, such, he, it ko maimaita kalma ɗaya mai muhimmanci sun isa su riƙe zaren. "The price of fertiliser went up. This forced many farmers to plant less." Babu therefore babu consequently amma ka fahimci dalili da sakamako sarai, kuma a wajena wannan yafi nuna ƙwarewa. Ni ƙa'idar da nake ba yara ita ce a sakin layi ɗaya 'yan gida na uku kar su wuce biyu.

Mataki na tara shi ne gwaji, kuma ba ya cin lokaci, minti goma ya isa. Kullum ka rubuta gajerun jimloli biyar akan abin da ya faru da kai yau, masu sauƙi irin na 'yan firamare. A gefen kowace biyu ka rubuta alaƙarsu da Hausa, amma, saboda, bayan da. Sai ka haɗa su da 'yan gida na farko, gobe ka sake da na biyu, jibi da na uku. In ka gama ka karanta da ƙarfi, inda numfashinka ya ƙare baka ga aya ba jimlar tayi tsawo, raba ta. Sannan duk labarin Turancin da kake karantawa a waya, na jarida ko na ƙwallo, ka ɗauki sakin layi ɗaya ka nemo kalmomin haɗin da ke ciki, ka kalli me ya gabace su, aya ce ko waƙafi, me ya biyo su, suna ne ko jimla.

Haka muka yi da ɗalibar nan a ranar. Na sa ta fasa layin nata gida biyar: I woke up early. I prayed. It was raining. I went to the market. My mother sent me. Nace me ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu, tace jeri ne Malam. Ta uku da ta huɗu fa, tace "duk da". Ta huɗu da ta biyar, tace "saboda". Ta ɗan yi shiru tana cizon murfin biro, sannan ta rubuta: "I woke up early and prayed. Although it was raining, I went to the market because my mother had sent me." Na ga hannunta ya nufi sa but bayan raining, ta rubuta b ɗin ma, sai ta tsaya ta kalli although ɗin da ke farko ta soke b ɗin da kanta. Had sent ɗin ni na nuna mata, don aiken ya riga tafiyar, wannan darasin tense ne kuma shi zamu yi Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu.